Ƙarancin fili ba hujja ba ce ta gina ɗakin da iska ba ta shiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, don Allah ka ɗan ba ni dama a shafin wasiƙu in faɗi albarkacin bakina kan wata magana da nake ganin kullum a baibai ake ɗaukarta, wato yadda ya kamata a gina gida a inda fili ya yi ƙaranci, mutane sun yi yawa, fuloti kuma kullum sai ƙara tsukewa yake yi.

Abin da na lura da shi, da zarar an ce fili kaɗan ne to tunanin kowa wuri ɗaya yake tafiya, a cike shi taf da ɗakuna daga wannan katanga zuwa waccan, ko taku ɗaya kar a bari wai ya tafi a banza. Mai filin yana lissafin ƙofa nawa zai samu, magini yana lissafin bulo, shi kuwa wanda zai kwana a ciki ba wanda ya tuna da shi balle a zo kan maganar iskar da zai shaƙa. In ka yi magana sai a ce maka to ya za a yi, ai filin ne babu. Ni dai gaskiya ban yarda da wannan hujjar ba. Ƙarancin fili zai iya tilasta maka ka rage girman ɗaki, ka haƙura da ƙaton falo, ka hau sama, amma bai taɓa tilasta wa kowa ya gina ɗakin da iska ba ta ratsa shi ba, wannan ko dai kwaɗayi ne ko rashin sani, sau da yawa ma duka biyun ne suka haɗu.

Ka duba irin ɗakin nan da ake matsewa can ƙuryar gini, bango uku a toshe, taga ɗaya tal ita ma ta buɗe ne cikin wani siririn lungu da ke kallon bangon maƙwabci, da rana tsaka sai an kunna fitila kafin a ga allura. Mutum biyar ko shida su shiga su ja ƙofa su kwana. In ka shiga da asuba za ka ji iskar ta yi nauyi tana da ɗumi da wani irin wari, bango yana gumi, kusurwar da ke bayan gado ta yi baƙi da hunhuna, takalmin da aka tura ƙarƙashin gado ya yi fari-fari, fenti yana ɓarewa daga ƙasa, yara sun tashi idonsu a kumbure suna tari ana cewa wai sanyi ne ya kama su. Ba sanyi ba ne, ɗakin ne. Ƙwayar cutar tarin fuka a iska take yawo, in mai ita ya yi tari tana iya daɗewa tana rataye a ɗakin da iska ba ta motsi har na tsawon sa'o'i, kowa ya yi ta zuƙa. Ƙyanda ma haka, mura haka, sanƙarau ma cunkoso yake so. Ita kuma hunhunar da danshi ke haifarwa tana tayar da asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan gidaje da lafiya a 2018, kuma cikin manyan abubuwan da ta ja kunne a kai akwai cunkoso a cikin gida, saboda alaƙarsa da tarin fuka da cututtukan gudawa da ma damuwar ƙwaƙwalwa. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a kuma ma'auninta mai sauƙi ne, in mutum fiye da uku suna raba ɗaki ɗaya to an shiga cunkoso.

To a nan ne nake so mu rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Yawan mutane a unguwa daban, cunkoson mutane a ɗaki marar iska daban. Hong Kong ta taɓa samun wata unguwa da ake kira Kowloon Walled City, fili ne da bai wuce hekta 2.6 ba amma ƙidayar da aka yi a 1987 ta nuna mutum wajen 33,000 ne ke ciki, gine-gine sun manne da juna wasu har hawa 14, ba tsari ba izini, kowa ya ɗora nasa kan na wani, lungunan ƙasa rana ba ta kai musu, ruwa na ɗiga daga fayif-fayif da ke sama dare da rana. Ƙarshenta dai rushe ta aka yi tsakanin 1993 da 1994 aka mai da wurin lambun shaƙatawa. Ita kuwa Singafo, ƙasa ce da duka-duka girmanta bai fi murabba'in kilomita 700 da 'yan kai ba, mutanenta sun haura miliyan 6, ta kafa hukumar gidajenta a 1960 lokacin da jama'a da yawa ke cushe a unguwannin da ba ruwa ba masai, yau kusan mutum 8 cikin 10 na mazauna ƙasar a benayen wannan hukuma suke zaune. Su ma sama suka hau, sun ma fi Kowloon tsawo nesa ba kusa ba, bambancin kawai sun bar tazara tsakanin bene da bene, sun sa bishiyoyi, da yawa daga cikin benayen ma hawan ƙasa a buɗe aka bar shi ginshiƙai kawai, iska na wucewa, tsofaffi na zama a inuwa, yara na wasa ko ana ruwan sama. Ka ga ke nan duka biyun fili ya yi musu kaɗan, ɗaya ta cike ko'ina, ɗaya ta bar sarari da gangan.

Na san wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne mai kuɗi, ina ruwan mai ɗan fulotinsa. To bari mu sauko kan ɗan fulotin mu yi lissafi. A ce kana da fili mita 10 a faɗi, 15 a tsawo, murabba'in mita 150 ke nan. In ka cike shi duka da gini hawa ɗaya, iyakar abin da za ka samu 150 ne, kuma a ciki dole ka yanki doguwar hanya mai duhu ta shiga ɗakuna, sannan ɗakunan gaba kaɗai ne za su ga titi, sauran duk a makance suke. Amma in ka gina 90 kawai ka ɗora hawa na biyu a kai, ka samu 180, cire wajen 10 na matakala sama da ƙasa ya rage 170, har yanzu ka fi wanda ya cike filinsa, ga kuma murabba'in mita 60 a buɗe yana kallon sama, wurin shanya, wurin wasan yara, wurin bishiya ɗaya, kuma kowane ɗaki zai iya samun tagar da ke kallon wannan sararin. Wallahi abin da ke ba ni mamaki shi ne lissafin bai da wuya ko kaɗan, amma sai ka ga mutum ya fi yarda da bangon da ya gani a tsaye da sararin da bai san amfaninsa ba sai ya rasa shi.

Kuma hawa sama ba sabon abu ba ne, ba kuma sai da siminti da rodi aka fara shi ba. Garin Shibam na ƙasar Yaman, a kwarin Hadramaut, gidajensa na tubalin ƙasa ne amma hawa biyar, shida, bakwai har sama, yawancinsu asalinsu tun ƙarni na 16, an gina su a kan ɗan tudu saboda ambaliya da kuma gudun kar a cinye ƙasar noma da ke kewaye, bangon ƙasa mai kauri ne sai ya riƙa sirancewa in ana hawa, shi ya sa ya ɗauki nauyin kansa. Tun 1982 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Amma fa kar wani ya ji haka ya je ya ɗora bene kan ginin da aka yi wa fandeshan na hawa ɗaya, nan ne ake samun rushewar da ke kashe mutane. In kana da niyyar hawa sama ko da nan da shekara goma ne, tun ranar haƙa fandeshan za ka gaya wa injiniya, ya duba irin ƙasar wurin, ya ƙayyade ginshiƙai da rodin da za su ɗauka. Kuɗin injiniya shi ne mutane suka fi jin ciwon fitarwa alhali a cikin duk kuɗin ginin shi ne bai taka kara ya karya ba.

Maganar iska kuwa akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba, taga ɗaya komai girmanta ba ta wadatar da ɗaki yadda ake zato. Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita, kamar dai ka sa baki ka hura cikin kwalba ne. Sai an samu buɗi biyu a bango daban-daban, ta shiga ta nan ta fita ta can, ko da na biyun ƙaramin rami ne mai raga a saman ƙofa. Kuma tunda iska mai zafi sama take yi, in ka bar mafita a kusa da silin ko a saman matakala, ita da kanta za ta riƙa fita tana jawo mai sanyi ta ƙasa, ba fanka ba wuta. Masana gini suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, in taga a gefe ɗaya kawai take to iskarta ba ta yin tasiri fiye da ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin silin, wato in silin ɗinka mita 3 ne, bayan mita 6 ko 7 daga tagar an shiga inda iska ke kwance, in kuma buɗin ta gefe biyu ne ana iya kai wa ninki biyar. Shi ya sa gini siriri mai tsawo ya fi gini mai ƙiba lafiya. Dokokin gini a ƙasashe da dama kuma suna cewa girman taga kar ya gaza kashi 10 cikin 100 na girman daɓen ɗaki, ɗaki mai murabba'in mita 12 ke nan tagarsa ta kai 1.2 aƙalla. Wannan fa mafi ƙaranci ne, ba wai shi ne abin alfahari ba.

Sai dai ita ma dokar in ba a rubuta ta da hankali ba masu gini sun san yadda za su zagaye ta. A birnin Niyok na Amurka an yi doka a 1879 cewa kowane ɗakin kwana a gidajen haya sai ya samu taga mai kallon waje, sai masu gidaje suka riƙa barin wani ɗan siririn rami tsakanin gini da gini, a wasu wuraren ko mita ɗaya bai kai ba, daga ƙasa har sama hawa biyar ko shida, suka jera tagogi a ciki suka ce ai ga taga nan. Ramin ya koma juji, kowa na jefa shara ta taga, wari na hawa, in gobara ta tashi kuma ta nan wuta ke bi ta haye sama da gudu. An gudu ba a tsira ba ke nan. Sai a 1901 aka sake sabuwar doka da ta wajabta tsakar gida na gaske mai faɗi, da masai a cikin kowane sashe na sabon gini. Darasin da ni na ɗauka a nan shi ne ɗan lungun nan na taku biyu da ake bari a gefe da gefen gida don a ce an bi doka, yawanci asarar fili ce kawai, ba haske ba iska sai ɓeraye da tarkace. Da maƙwabta za su haɗa bangon gefe, bango mai kauri da ke tare wuta da ƙara, su tattara wannan sararin gaba ɗaya su mai da shi baya ko tsakiya, da kowa ya samu fili na kirki. Haka birnin Viyana na Ostiriya ya yi a ginin Karl-Marx-Hof da aka kammala a 1930, gidaje sama da 1,300 a jere a gefe, amma abin da aka gina bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na filin ba, sauran duk lambu ne da filin wasa na kowa da kowa.

Rana ma a san inda za a fuskantar da ita. A ƙasa mai zafi, dogon bango da manyan tagogi su kalli arewa da kudu, gabas da yamma a rage buɗi musamman yamma, don ranar la'asar ita ce ke gasa bango ya yi ta fitar da zafi har tsakar dare. A ƙasa mai sanyi kuma akasin haka ake nema, a jawo ranar ciki. Rufi kuwa in kwano ne a bar sarari tsakaninsa da silin iska na ratsawa, a fito da bakinsa ya yi wa bango inuwa, a shafa masa farin fenti. Birnin Ahmedabad na Indiya bayan zafin 2010 da ya kashe mutane sama da dubu ya fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, daga baya har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, abu mai arha amma yana sauke zafin ɗaki.

Yanzu bari in zo kan wuraren da aka fi zalunta in fili ya matse, wato kicin da banɗaki. Su ne kullum ake turawa inda ya rage, ƙarƙashin matakala ko wani saƙo marar taga, alhali su ne suka fi kowane ɗaki buƙatar iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da gurɓatacciyar iskar cikin gida sun yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara da ke wuni kusa da murhu su ne suka fi shaƙar hayaƙin. Kicin dole ya jingina da bangon waje, ya samu taga da mafitar hayaƙi a sama. Gawayi ko janareta kuma ba a kunna su a rufaffen wuri ko a bakin tagar ɗakin kwana, suna fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci zai wuce, to tun a zane ya kamata a ware musu wuri a sarari, ba sai an tare ba a fara neman inda za a cusa su.

Banɗaki kuma akwai wani ɗan abu da ba a ɗauke shi bakin komai ba. In ka leƙa ƙarƙashin sink, wato wurin wanke hannu, za ka ga fayif ɗin ya lanƙwasa ya yi gwiwa kafin ya wuce, ruwa kaɗan ke zama a cikin gwiwar kullum, wannan ruwan shi ne murfin da ke hana iskar masai dawowa cikin gida. A 2003 lokacin annobar cutar numfashi da ake kira SARS, a rukunin benayen Amoy Gardens na Hong Kong mutum sama da 300 suka kamu, 42 suka mutu, da aka bincika sai aka tarar irin wannan gwiwar ta magudanar daɓen banɗaki ta bushe a gidaje da yawa, in mutum ya rufe ƙofa ya kunna fankar da ke zuƙe iska sai ta jawo tururin babban fayif ɗin masai zuwa cikin banɗakin, daga nan ta hura shi cikin siririn sararin da ke tsakanin gidaje ya hau sama ya shiga tagogin wasu. Gini na zamani fa, mai lifta da komai, amma ɗan ruwan da bai cika kofi ba ya jawo wannan. Saboda haka duk mai haɗa gidaje da yawa a fili ɗaya ya nemi fulamban da ya san aikinsa, a jera banɗakin sama daidai kan na ƙasa, kicin ya raba bango da banɗaki don fayif ya gajarta, a fitar da fayif ɗin numfashin masai har saman rufi. Inda kuma ake sha daga rijiya, ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, to a fuloti mai tsawon mita 15 ta ina za ka samo 30? Ba zai yiwu ba, ko ka nisanta naka na maƙwabcinka na nan a jikin katanga. Wannan kam ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai dai unguwa ta haɗu ko hukuma ta shigo a yi magudana ɗaya ko a jawo ruwan daga nesa.

Dabarun cikin ɗaki ba zan daɗe a kansu ba don su ne kowa ke gani a intanet. Ƙofar da ake turawa gefe ta fi mai buɗewa, don ƙofa mai faɗin santimita 80 tana cinye rabin murabba'in mita wajen buɗewa kawai. A gina wurin ajiya a jikin bango har silin maimakon a sayo ƙaton kabad, ƙarƙashin matakala ya zama sito, yara a yi musu gado mai hawa biyu, a rage doguwar hanyar cikin gida don ba a kwana a cikinta ba a zama. Mutanen Japan sun daɗe suna naɗe shimfiɗa da safe su sa a ma'ajiyar bango, ɗakin kwana ya koma na zama. In rufin shimfiɗaɗɗen kankare ne a yi masa katanga da ta wuce mita ɗaya ya zama wurin shan iska da shanya. Duk suna da kyau, amma ni a wurina su ne na ƙarshe, don za ka iya canza gado ko ƙofa gobe, amma ɗakin da aka binne a tsakiyar gini ba yadda za ka yi ka kawo masa taga sai ka rushe. Kuma ita ma matsewar tana da iyaka, a Ingila ma'aunin da gwamnati ta fitar a 2015 ya ce ɗakin kwanan mutum ɗaya kar ya gaza murabba'in mita 7.5, na mutum biyu 11.5.

Kar kuma a ɗauka ina cewa duk dogon bene alheri ne. A birnin St. Louis na Amurka an gina rukunin Pruitt-Igoe a tsakiyar shekarun 1950, benaye 33 kowanne hawa 11, ba a kai shekara 20 ba aka fara rushe su a 1972, saboda ba a tanadi kuɗin kula da su ba, lifta ta lalace, fitilu suka mutu, wurin ya gagari zama. A Landan kuma gobarar Grenfell ta 14 ga Yunin 2017 ta kashe mutum 72 a bene mai hawa 24, an lulluɓe jikinsa da abin da ke cin wuta, matakala kuma ɗaya ce tak. Shi ya sa ni na fi karkata ga hawa biyu zuwa huɗu, wanda ƙafa za ta iya hawa ko ba wuta, gyaransa bai gagari mazauna ba, uwa na iya leƙowa ta taga ta kira ɗanta ya ji. A bar ɗaki ɗaya da banɗaki a ƙasa saboda tsoho da marar lafiya da mai juna biyu, matakala ta samu abin riƙewa da haske, tsayin kowane taki ya zama daidai da ɗan'uwansa don bambancin nan ne ke kayar da mutane. Ƙarfen tagogi kuma, na san tsoron ɓarawo gaskiya ne, amma a kowane hawa a bar aƙalla guda ɗaya da ake iya buɗewa ta ciki. Masu cewa babbar taga tana tona asirin gida su ma suna da gaskiyarsu, sai dai maganinta ba toshewa ba ne, a ɗaga tagar sama da kan mai wucewa, ko a sa bulo mai huji, ko a juyar da ita ta kalli tsakar gida.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce gaskiyar abin da ke hana mutane. A nan aikin da ya fi burge ni shi ne na wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Chile, Alejandro Aravena. An ba shi da abokan aikinsa aikin zaunar da iyalai 93 a Quinta Monroy cikin garin Iquique, a fili rabin hekta da mutanen suka daɗe a kai, kuɗin da gwamnati ta ware kuma ba zai gina cikakken gida ba in har za a sayi filin a tsakiyar gari. Maimakon su yi ƙaramin gida cikakke ko su kwashe mutane zuwa bayan gari, sai suka gina rabin gida mai kyau, wato abubuwan da talaka ba zai iya yi wa kansa daidai ba, ƙashin ginin da kicin da banɗaki da matakala, suka bar gurbi a gefen kowane gida da aka riga aka auna, mai gida ya cike da kansa in ya samu hali har gidan ya kusa ninkawa. Da yake an riga an tsara inda za a ƙara, ƙarin bai toshe tagar kowa ba bai cinye filin tsakiya ba. An gama aikin wajen 2004, shi kuma Aravena ya samu Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2016. Ai dama yawancin mutane a duniya da kaɗan-kaɗan suke gini, matsalar ita ce ba zane, duk shekara sai a manna ɗaki inda aka ga sarari har a wayi gari gidan ya shaƙe kansa.

Don haka Malam Edita roƙona biyu ne. Hukumomin tsara birane su daina tsayawa kan karɓar kuɗin takarda kawai, su sauƙaƙa izinin hawa biyu da uku da haɗa bango, su kuma tsananta kan abu uku da ake iya dubawa da ido a minti biyar, kowane ɗakin kwana yana da taga mai kallon sarari na gaske, kicin da banɗaki suna da mafitar iska, an bar wani kaso na filin ba gini kuma ba a malale shi duka da siminti ba don ruwan sama ya samu inda zai nutse. Ku kuma a jarida, da za ku samu masu zanen gini da injiniyoyi su riƙa ba ku zanen ƙananan fulotai kuna bugawa lokaci-lokaci, mai mita 8 da 12, mai 10 da 15, da ma'auni da bayanin matakin da za a fara da wanda za a ƙara daga baya, cikin Hausar da magini da mai gida za su karanta su gane, da ya yi amfani ƙwarai, don mafi yawan masu gini ba za su taɓa taka ofishin mai zane ba amma za su iya yanke shafin jarida su miƙa wa magini.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku a kullum